Sabon Baho, Tsohon Zomo

Abubuwa uku na jefa cikin haɗari a ƙarshen waccan shekarar: kafet ɗin falona, zaman lafiyata da matata, da wuyan wani tsohon zomo. Na ukun ya fi tsada, don ba nawa ba ne.

Ni dilan robobi ne. Da tallan bokiti a ka na fara a Kakuri, yau ina da shago da sito a Sabon Tasha. In na ƙwanƙwasa roba da yatsa na san shekarun da za ta yi. Wannan gwanintar ce ta kai ni ga wauta.

Zomon na autarmu ne. Tana ƙaramar sakandare ta shigo da shi cikin kwali, na ɗauka nama ne ya iso da wuri. Ashe ɗan gida muka samu. A unguwarmu ta Kamazou, mai zomo a keji yake ajiye shi bayan gida yana jiran Disamba. Namu kuwa a falo yake zaune, yana kallon labarai tare da ni. Yarinyar ta koya masa yin lalurarsa cikin wani baho mai garin katako a lungun bayan ƙofa, kuma shekara takwas bai ɓata ƙasa ba. Na yi baƙi masu digiri da ba su kai shi tarbiyya ba. Da za ta tafi Jos karatun jinya, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, amana ce."

Wata Asabar matan zumunta na cocinmu za su yi taro a gidanmu. Ina duba falo sai idona ya faɗa kan bahon. Ya koɗe, gefe ɗaya ya ɓalle kusan har ƙasa. A gidan dilan robobi! Na hango matan nan suna fita suna cewa mai sayar da baho ba shi da baho. Na je sito da kaina na zaɓo mai kauri, mai zurfi, ja wur, irin na wankan jarirai. Tsohon na miƙa wa masu shara. Matan suka zo, suka yi waƙoƙinsu, suka cinye cincin, ko ɗaya ba ta kalli lungun ba.

Bayan kwana biyu matata ta kira ni. "Maigida, zo ka ga aikin ɗanka."

Fitsari ne a kafet, dab da sabon bahon, ga kashi an watsa kamar an zubar da gujiya. Washegari haka, jibi haka. Wanda bai taɓa shaƙar fitsarin zomo a ɗaki rufe ba, ya gode wa Allah ya yi shiru.

Kowa ya zama likita. Matata ta ce iskanci ne, yana fushi don uwar ɗakinsa ta tafi. Maƙwabcinmu, wani bakanike Ibo mai gareji a bakin titi, ya leƙo ya shaƙi iska ya ce, "Ciyaman, injin da ya fara ɗigar mai a wannan shekarun, kar ka wahalar da kanka. Madam, akwai barkono a gida?"

Ni kuwa na yi abin da na iya. Dila bai san wata matsala da ƙarin kaya ba ya magancewa. Na ce wataƙila bahon ya yi masa kaɗan, na kawo wanda ya fi shi girma. Na ce ko lungun ne ya ishe shi, na ajiye na uku kusa da talabijin. Falo ya koma reshen shago, saura in liƙa farashi. Zomon ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya yi nasa a gindin kowanne, don kada wani ya ce an nuna masa bambanci.

Ranar da matata ta taka da ƙafa babu takalmi, magana ta ƙare.

"Saura sati uku Kirsimeti," ta ce. "Ko ya shiryu, ko ya shiga farfesu. Ni za ka mayar mai wankin bayin zomo da furfurata?"

"Maman yara, yarinyar fa?"

"Ka ce mata ya rasu cikin salama. Ai da addu'a za mu ci shi."

Matata ba ta yin barazanar banza. A daren da yarinyar ta buga waya tana tambayarsa, na ce lafiyarsa ƙalau, yana ta raba albarka ko'ina a falo.

Lahadin da ta biyo gwiwata ta hana ni zuwa coci. Ina zaune ni kaɗai, sai na ga zomon ya nufi jan bahon a hankali. Ya ɗora ƙafafun gaba a baki, ya yunƙura, na bayan suka ƙi tashi. Ya zame. Ya sake, ya zame. A karo na uku haɓarsa ta bugi robar. Sai ya matsa jikin bahon iyakar yadda zai iya, ya yi abinsa a nan.

Na san wannan yunƙurin. Da, in motar kaya ta iso daga Anaca, tsalle ɗaya nake yi in haye bayanta. Yanzu a ƙasa nake tsayawa ina ɗaga murya, don a ɗauka isa ce ta hana ni hawa. Ɓallen tsohon bahon nan da na ji kunyarsa, shi ne ƙofar da dattijon yake shiga. Ni na kulle masa bayi, sannan na tara jama'a muna shari'ar halinsa.

Matata ta dawo ta same ni a tsakar gida da zarto.

"Sabon baho kake yankawa? Kai da ko murfin bokiti ba ka yarda ya tsage?"

Na yanke gefe ɗaya har ƙasa, na ɗora wuƙa a wuta na goge bakin don kada ya yanke shi. Da yamma ya shiga salin alin, ko kallona bai yi ba. Na kai shi wurin likitan dabbobi, ya ce ciwon gaɓɓai ne na tsufa, ya ba da magani. Ba zan ce ya koma kamar da ba. Wani lokacin rabinsa ne kawai ke kaiwa ciki, kuma ba rabin da ake bukata ba. Na shimfiɗa leda a ƙarƙashi. Matata ta sa masa ido sati biyu kamar mai duba jarrabawa, ranar jajibiri ta aike ni sayen kaji.

Ga yadda aka tashi. Kafet ya tafi, warin ya ƙi fita, bakaniken ne ke kwanciya a kansa ƙarƙashin motoci. Baho uku sun fita daga kasuwa. Zomon ya ƙara wata bakwai, ya mutu da damina a cinyar mai shi lokacin hutu. Yarinyar kuwa, ranar da ta fara ganin yankakken bahon, rungume ni ta yi tana cewa babu uba mai lura kamar ni. Na karɓi yabon duka, ban rage komai ba. Matata tana tsaye a bakin kicin tana kallona, ta san sauran labarin, kuma tun daga ranar ban sake cin gardama a gidan nan ba.