Kwanon Maman Khalifa

Ranar jajibirin Kirsimetin da ta wuce, da hantsi, na shiga ɗakin girkin babban ɗana a unguwar Wangsa Maju ina neman kofin shayi, sai na ci karo da wani kwanon samira mai murfi, mai zanen jan fure, an tura shi can ƙuryar kabad bayan gwangwanayen madara. Wata biyu ke nan da zuwana Kuala Lumpur ganin jikoki, na san kowane cokali na gidan, amma ban taɓa ganin wannan kwano ba. Na tambayi surukata Saratu. Ta sunkuyar da kai ta ce na Maman Khalifa ne, matar wani ɗalibi Bakano da ke hawa na tara, hawa biyu ƙasa da namu, ita ta aiko musu da waina da naman layya a cikinsa ranar Babbar Sallah. Na lissafa da yatsuna, wata shida. Wata shida kwanon mutane yana zaune a gidan ɗana, an cinye abin da ke ciki, an wanke shi, an ɓoye kamar kayan sata.

Da na tuhumi maigidan, wato ɗan nawa, malamin jami'a guda mai digiri uku, ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. Cewa ya yi, "Baba, nan fa ba gida ba ne. Mutanen nan ba sa wasa da maganar halal. In muka kai abinci suka ƙi karɓa, it will be so embarrassing. Gobe daga coci za mu kai yara mall, babban kantin nan, su ga bishiyar Kirsimeti, a yi hotuna, mu sayo abinci mu dawo." Shekara arba'in da biyu ban taɓa kama sunan yaron nan ba, domin ɗan fari ne, kuma mu da kunya aka raine mu. Ran nan na kira shi da cikakken sunansa na yanka, da ƙarfi, har jikokina Hannatu da Dauda suka saki kayan wasansu. Shi ma wayar ta faɗi a cinyarsa. Abin da ya taso mini ya girmi ɗakin, ya girmi garin. Shekara sittin da ɗoriya ya yi yana kwance a ƙirjina.

A ƙauyenmu, yamma da Zariya, gidajen masu bin addinin Kirista ba su kai goma ba, sauran duk Musulmi ne. Mahaifina kafinta ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya fi yarda da guduma a kan baki. Kirsimeti a gidanmu tun daga kaka take farawa. Da an yanke dawa an kai rumbu, sai a ware bunsuru guda a ɗaure shi a gindin mangwaro, mu yara mu ne masu yi masa ciyawa da harawa, muna faɗa a kan wanda zai ba shi dusa. Inna takan surfa shinkafar fadama da kanta, yayyena mata su yi kwana uku suna suyar cincin suna korar mu da muciya. Tela ɗaya ne a garin, yadi ɗaya ake yanko wa dukanmu, riga da wando iri guda, a ɗinka da girma domin su kai baɗi. Daɓen tsakar gida a sabunta shi, bango a shafe da farar ƙasa, mu kuma mu tafi bakin rafi mu yanko ganyen giginya da za a yi wa coci ado. Da rana a filin makaranta muna langa, da yamma muna koyon waƙoƙin haihuwar Almasihu, wanda ya yi kuskure malamin waƙa ya ja masa kunne.

Amma duk wannan share fage ne. Ainihin Kirsimetin gidanmu tana farawa da sassafe, sa'ad da maƙwabcinmu Malam Haruna zai yi sallama a zaure riƙe da wuƙarsa a cikin kube. Mahaifina bai taɓa yanka dabbar Kirsimeti da hannunsa ba, ko da ya iya. Malam Haruna ke fuskantar da ita gabas ya ambaci sunan Allah ya yanka, mu muna riƙe da ƙafafu, domin kowane gida a garin ya ci ba tare da shakka ba. Na taɓa tambayar dalili, sai mahaifina ya ce, "Naman da maƙwabcinka ba zai iya ci ba, me za ka yi da shi?" Da an taso daga coci, kafin kowa a gidan ya sa loma a baki, Inna za ta jera kwanuka a tabarma, ta zuba shinkafa da miya, ta ɗora tsoka uku uku, ta rufe. Kowane yaro da gidajen da zai kai. Mu fita cikin sababbin kaya, kwano a ka, muna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai. Kwano kuwa ba ya dawowa wayam. Wani ya dawo da gyaɗa, wani da ƙwan zabi, wani da ɗan rake ko dabino. Haka su ma suke aiko mana a Sallah, haka muke mayarwa.

Shekarar da nake aji uku aka ba ni gidan Malam Haruna. Kwana biyu kafin Kirsimetin, ɗansa Sani ya kayar da ni a langa a gaban 'yan mata, ya bi ni da waƙar tsiya har ƙofar gida. Na ɗauki kwano na fita, na iso bakin zaurensu, na hango Sani zaune yana murmushi, sai zuciya ta ɗebe ni. Na zarce bayan coci, na kira abokaina biyu, muka cinye shinkafar tas, na wanke kwanon a rijiya na kawo gida na cusa cikin sauran. Inna ta ɗaga murfi ta ga babu komai. Ta dube ni, na ce ai ba su ba da komai ba. Ta ɗauki kwanon ta kai gaban mahaifina.

Abin da ban sani ba shi ne, ranar Kirsimeti matar Malam Haruna ba ta ɗora tukunyar rana. Shekara da shekaru haka suke, domin sun san kwanonmu yana tafe. Mutumin da ya tashi da asuba ya yanka mana dabba, ya wanke hannu ya koma gida, shi da iyalinsa suna zaune da yunwa har bayan la'asar, kuma kunya ta hana su aiko tambaya. Mahaifina bai taɓa ni ba. Da ya doke ni da na fi samun sauƙi. Nasa akushin, wanda bai buɗe ba tukuna, shi ya juye a cikin kwanon, ya ɗora mini a ka, ya biyo ni a baya taku bayan taku, garin duka yana kallo. A zauren Malam Haruna ya sa na durƙusa na faɗi abin da na yi da bakina. Sai Malam Haruna ya ce, "Alhamdu lillahi. Tun azahar nake bincikar kaina, ko mun yi muku wani laifi ne." Wannan magana ita ce bulalar da ban warke daga gare ta ba. A ranar na gane cewa kwanon da bai iso ba shi ma saƙo yake kaiwa, kuma mugun saƙo. Mahaifina ya kwana da yunwa ranar Kirsimeti. Sani kuwa, shi ya riƙe mini hannu ranar da muka binne mahaifin nawa.

Wannan ne gadon da na ɗauka na miƙa wa ɗana. Shi ma ya ɗauki kwano a ka yana yaro, na gani da idona. To wane karatu ne wannan da ke koya wa mutum tsoron ƙofar maƙwabcinsa? Ya iya tsayawa gaban ɗalibai ɗari yana zuba Turanci, amma sauka hawa biyu da kwano ya gagare shi. Ba ƙiyayya ba ce, da ita ce da na san maganinta. Ragwanta ce aka sa mata rigar wayewa. Ya yanke wa mutane hukunci cewa za su ƙi, bai tambaye su ba, ya ci nasu ya yi shiru, yana kiran wannan ladabi. Jikokina kuwa an bar su da bishiyar roba da wani ƙaton mutum mai gemun auduga yana zufa a cikin jar riga, a ƙasar da ko sanyin safe ba ta da shi. Hannatu shekararta shida, ta san sunan kowane kanti a garin, ba ta san sunan matar da ta ciyar da ita ranar Sallah ba.

Da yammacin ranar na sa hulata, na ce Saratu ta raka ni kasuwar unguwa. Muka sayi kaji uku a hannun wata Musulma 'yar ƙasar mai lulluɓi, yankan Musulmi, na sa aka nuna mini shaidar da idona. Washegari bayan coci na ƙi zuwa kallon bishiya, na kuma hana a tafi da yaran, sai kowa ya zauna a gida. Saratu ta dafa shinkafa da miya, Allah ya yi mata albarka, fuskarta a sake. Na zuba da kaina a kwanon Maman Khalifa, tsoka uku, na rufe. Na kira Hannatu na ce, "Amarya, zo ki yi wa mijinki aiki." Ta ce, "Boleh, Kaka," wato ta yarda, da yaren garin. Na koya mata jimla ɗaya tak ta Hausa, muka maimaita sau bakwai. Na ɗora mata kwanon a ka, ta ce mutane za su yi mata dariya, na ce su yi. Dauda ya riƙe gefen rigata. Muna jiran lif sai na ji taku a bayanmu. Uban ne, ya biyo mu ba takalmin kirki, ni kuwa ban dube shi ba.

Maman Khalifa ta buɗe ƙofa, yarinya ce ƙarama, ba ta wuce sa'ar autata ba. Hannatu ta durƙusa ta ce, "Ga shi in ji Kaka, yankan Musulmi ne." Matar ta dubi kwanonta, ta dube mu, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Sai ta ce, "Wallahi Baba, na ce da Abban Khalifa ko wainar ce ta ɓata musu rai. Har na daina haɗa ido da Anti Saratu a lif." Na juya na kalli ɗana. Ya cire tabarau yana goge su da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ba ta bar mu mun tafi hannu wayam ba, ta cika wa yaran wani ɗan kwano da dabino da dambun nama, ta ce wannan kuma kada ya yi wata shida.

A lif Hannatu ta ja hannuna ta tambaye ni da Turanci me matar ta ce, domin ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Nan fushina ya sake tasowa, amma ya tarar da gajiya ta riga shi zama. A zamaninmu ba a fassara wa yaro irin wannan magana, a cikinta ake haihuwarsa, garin duka ne makarantarsa. Yau sai tsoho ya ƙetare teku, ya karya kunyar shekara arba'in, kafin kwano ya sauka hawa biyu. Ni watan gobe zan koma gida, kuma ban san Kirsimeti nawa suka rage mini ba. Ƙaramin kwanon na wanke shi da hannuna, ban sa shi a kabad ba. Na ajiye shi a tsakiyar teburin cin abinci, daidai inda ɗana yake ɗora wayarsa.