Waƙoƙin da Aka Gutsure wa Baba

Abubuwa da yawa sun same ni a duniya na manta su, amma hantsin da na fara kunna wa mahaifina tsofaffin waƙoƙi a tsakar gidana, wannan kam sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido.

Ni ba mai fita ba ce, karatuna ma bai wuce aji uku na firamare ba. Sai dai Allah ya ba ni kunne. Ko daka ake yi a maƙwabta, daga amon turmi zan gaya miki gero ne ko dawa. Shekarar da idanun Baba suka daina gani, muka ɗauko shi daga Toranke ya dawo wurina a Kademi. Mutumin da bai san zama ba sai gona, ya koma ɗan tabarma a gindin darbejiya. Magana ta ƙaura daga bakinsa. In na kai tuwo, loma biyu ya ture kwano. Kullum zancen ɗaya ne: "Uwata, ku mai da ni gida in jira lokacina." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Can gidan kuwa ba kowa, ƙofa ce a kulle. Na san in ya koma a haka, da wuya ya ga kaka.

Sai na tuna muna yara yana da rikoda da kwalin kaset na manyan makaɗan da, masu kalangu da kukuma da gurmi. Gara ta ci kwalin, zafi ya narkar da kaset ɗin. Ranar kasuwar Gaya na roƙi maigidana ya biya rumfar masu tura waƙa a memori, ɗan katin nan da ake saka wa waya ko rediyo. Yana isa ya kira ni a waya ya ce, "Ga shi nan, yi masa bayani da kanki, ni ban san kan abin ba."

Mai rumfar ya ce, "Hajiya, waƙar wa kike so?"

Ni kuwa ba suna nake riƙewa ba, sai na shiga yi masa kiɗan kalangu da baki. Ina ji rumfar ta kwashe da dariya.

"Hajiya, da kina kusa da na ɗauke ki aiki," in ji shi. "Ga shawara. Mai farawa, da haɗin waƙoƙi yake farawa. Ina da na zaɓaɓɓu, duk wadda ta yi suna tana ciki, kowacce an ɗauko daidai wurin daɗinta."

Da yamma na saka memorin a 'yar rediyota ina tankaɗe. Waƙoƙin ne kuwa, amma kunnena ya ƙi kwanciya. Makaɗan da ba sa faɗa wa waƙa haka kawai. Sai kiɗa ya share fage, 'yan amshi sun daidaita murya, in za a gama kuma a sauko a hankali. Nan kuwa an fille kai an datse ƙafa, ana tsakiyar daɗi sai wata ta faɗo a kai. Saura kaɗan in cilla memorin a murhu. Na ce wannan in Baba ya ji ai ƙarin baƙin ciki ne. Yanzu in na tuna, sai in ce Allah ne ya riƙe hannuna.

Washegari da hantsi na ajiye rediyon kusa da tabarmarsa, na koma gefe ina tsince wake kamar ba ruwana. Kalangu ya tashi. Ban ga komai ba sai babban yatsan ƙafarsa da ya fara motsi. Can waƙar ta katse.

"Wane ne ya yi wannan ɗanyen aikin?"

Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun yana gani.

"Baba, haka ake sayar da su yanzu."

"Ake sayarwa? An yanka rago an kawo mini ƙaho. Ai nan ne zai shiga kirarin manoma. Kashe, kashe ki ji."

Na kashe. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ɗauko waƙar daga daidai inda aka yanke ta. Muryar na rawa, amma ko baiti ɗaya bai ɓace masa ba. Da ya zo gaɓa ya dakata, ya juyo da fuska wajena.

"Ke 'yar amshin kurma ce?"

Na karɓa ina dariya, hawaye na ɗiga cikin wake. Haka muka bi haɗin nan ɗaya bayan ɗaya, rediyo ta fara, shi ya ƙarasa, yana yi yana zagin mai almakashin. Wajen azahar ya shafa cikinsa ya ce, "Uwata, ba a waƙa da yunwa. Akwai sauran tuwon jiya?"

Daga ranar aikinmu ya samu. Duk kasuwa sai ya zaɓi waƙa ɗaya daga haɗin, a kira mai rumfar, ya kafa masa sharaɗi: cikakkiya, daga gaisuwa har sauka. Har suka saba, Baba yana ce masa Sarkin Yanka. Tunda rubutu ba ya yi mini sauri, kowane memori sai in naɗe shi a ƙyalle in ɗaure da zare: ja na kalangu, baƙi na kukuma, fari na gurmi. Yau gwangwanin alawa guda ya kusa cika. Akwai mai koren zare, wannan muryar Baba ce da na ɗauka a waya, yana rera waƙoƙin da aka nema aka rasa. Maganar komawa Toranke kuwa, sai dai in za mu gaisuwar salla, kuma shi ke fara cewa a dawo da wuri.

Da an kawo waƙoƙin nan cikakku, da ya saurara ya yi shiru abinsa. Giɓin ne ya tashe shi. Na gane cewa tsohon da ya saki duniya ba lallashi ya fi buƙata ba. A nuna masa wurin da aka bari, wanda ba mai iya cikewa sai shi.