Ofishin da Na Ce Ban Samu Ba

Ni na sa yayana ya shiga inshorar rai, kuma ba don ƙaunarsa kaɗai ba. Kwaɗayin agogon bango ne. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Sabon Birni, sai wani mutum ya fara zuwa makarantarmu a kan babur, da baƙar jaka da zaƙin baki. Wakilin wani kamfanin inshora ne. Ya ce mutum ya riƙa zuba ɗan abu duk wata, ranar da ta Allah ta kasance kamfani ya ba iyalinsa abin da za su riƙe kansu. Ya ƙara da cewa duk malamin da ya kawo masa mutum ɗaya, zai ba shi agogon bango. Ni kuwa ban daɗe da aure ba, bangon ɗakina fayau yake, ko kalanda babu.

Yayana bafatake ne. Yana bi ta Burkusuma ya kai atamfa da sabulu Nijar, ya dawo da dabino da kanwa. Da na kai masa maganar ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce shi dai in ya mutu ba zai ga komai ba, amma tunda ɗan bokon gidanmu ya ce abu ne mai kyau, a kawo ya dangwala. Na roƙe shi kada Baba ya ji. Ya sake yin dariya, bai ce mini e ko a'a ba.

Babanmu shi ne limamin unguwarmu a Tsamaye. Na taɓa jin sa a zaure yana cewa inshora caca ce da ajali, kuma Musulmin kirki ba ya ciniki da ranar mutuwarsa. Ba mai duka ba ne. In ka yi laifi kallonka kawai zai yi, ya koma ga carbinsa, kai kuma ka yi kwana uku tuwo bai yi maka daɗi ba. Ina da shekara talatin da mata da albashi, amma in na doshi zaurensa sai na ji kamar ranar aka yaye ni.

Shekara biyu a jere damina ta yaudare mu. A ta biyun gero ya tashi har ya fara ciki, ruwa ya ɗauke, muna kallo ya ƙone a tsaye. Gulbi ya koma yashi, rumbuna suka zama wurin kwanan kaji, kajin ma aka sayar. Cikin wannan hali yayana ya dawo daga Nijar da zazzaɓi. Kwana uku ya yi. Ya cika da hantsi, kafin azahar mun kai shi, Baba ne ya yi masa salla. Ya bar mata ɗaya da 'yan mata biyu, ƙaramar ba a daɗe da yaye ta ba.

Bayan sadakar bakwai matar ta aika a kira ni. Da can ni da ita ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba, irin wasan matar wa da ƙanen miji. Ita ta laƙa mini ɗan boko, tana cewa hannuna ya fi na amarya laushi. Ran nan na same ta a kan tabarma cikin kayan takaba, babu wasa a fuskarta. Ta sa hannu ƙarƙashin jeren kwanukanta ta jawo takarda a naɗe cikin tsumma.

"Yayanka ya ce in ta Allah ta kasance in ba ka wagga takarda, kai ka san wurin," in ji ta. "Ni ba ni da ikon hita sai na gama. In an samu abin da za shi kai mu damina, ba ni tashi da ɗiyan ga daga gidan ubansu."

Na san abin da take nufi. 'Yan'uwanta na can ƙetaren iyaka sun riga sun aiko cewa da ta fita takaba za su zo su tafi da ita da yaran. Gidanmu kuwa baki ya yi wa tukunya yawa, Baba ba shi da abin da zai riƙe su da shi. Na karɓi takardar na ce ta kwantar da hankalinta, wannan aikina ne.

Wakilin nan mai babur ya daina zuwa tun farkon fari. Takardar ta ce reshen kamfanin yana Isa, kusa da tasha. Na je ranar Asabar, na tarar da tela a shagon, yana yankan wuyan riga a kan ragowar takardun kamfanin. Ya ce mutanen sun kwashe tun bara, ya ji an ce Shinkafi. Mako na gaba na tafi Shinkafi. Can na ga allonsu a jikin bango, fenti ya koɗe, ƙofa da kwaɗo, akuya kwance a bakinta. Mai shayin da ke gefe ya ce ni ne na huɗu da ya zo nema a watan, in gwada Gusau.

Ba ƙaramar wahala na sha ba, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Na hau bayan motar hatsi wadda babu hatsi a cikinta, na sauka Gusau da takarda a aljihu, na bi titi ina tambaya. Wani ya nuna mini banki, wani ya tura ni asibiti, wani ya tambaye ni ko motata ce ta yi haɗari. Takalmina ya tsinke sau biyu, na ɗaure shi da waya. Sai bayan azahar wani mai facin taya ya nuna mini wani bene, a saman shagon kayan gyaran mota. Na hau, na ga sunan kamfanin a ƙofa, ƙofar kuma a buɗe.

Na sha cewa da ma akawun da na tarar ya wulaƙanta ni, da na sami wanda zan ɗora wa laifi. Mutumin kirki ne. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya yi mini ta'aziyya. Ya duba babban littafinsu ya ce sunan yayana yana nan, bai taɓa fashi ba, har bayan wakilin ya daina zuwa yana aikowa ta hannun direbobi. Ya tambayi takardar asibiti, na ce mu a gida muke mutuwa, kafin rana ta karkata an rufe mutum. Ya ce ya sani, shi ya sa suke da wata hanyar. Ya miƙo mini fom, ya ce mai gari ya sa hannu, limamin da ya yi wa mamacin salla shi ma ya sa, ko da ajami ne. In na dawo da shi cikin wata shida, za a biya matar.

Limamin da ya yi masa salla Baba ne.

Sau uku ina shiga zauren da fom ɗin a aljihun rigata. Na farko na tarar da baƙi masu ta'aziyya, na ce ba yau ba. Na biyu shi kaɗai ne, ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ni makaranta. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina ba shi labarin rufin ajinmu da ya yaye. Na uku har na sa hannu a aljihu. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana kamar mai jiran in yi magana. Ni kuwa abin da na hango kawai shi ne zan ce masa ni na kai ɗansa ga abin da ya kira caca, saboda agogo. Na zare hannuna, na ce na zo sallama ne, gobe akwai aiki.

Daga zauren na wuce wurin matar yayana. Na ce mata na je Isa, na je Shinkafi, na je har Gusau, ofis ya tashi, babu wanda ya san inda suka koma. Kashi biyu na maganar gaskiya ne, shi ya sa ta fita daga bakina sumul. Ta ce haka Allah ya so. Sai idonta ya sauka kan ƙafata, ta ga wayar da na ɗaure takalmi da ita. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da takalman yayana na fata, waɗanda yake zuwa Juma'a da su.

"Ɗan boko, ka ƙare takalminka sabadda mu," ta ce. "Amshi wanga. Allah shi saka ma da alheri."

Na karɓa. Har yau in na tuna na miƙa hannu biyu na karɓa, sai in ji kunya ta rufe ni.

Na riƙa gaya wa kaina akwai sauran lokaci, wata shida ba kwana shida ba ne, zan sami ranar da Baba yake cikin walwala. A shekarar nan kuwa wa yake cikin walwala? Takaba ta ƙare, 'yan'uwanta suka zo da amalanke. Na taya su ɗaure kwanukan. Ƙaramar yarinyar ta riƙe mini yatsa ba ta son hawa, ni na ɗaga ta na ɗora ta a cinyar uwarta. Baba bai fito ba, yana zaure. Kafin damina ta zagayo wani bafatake ya kawo labari cewa can ma yunwar ce, har ta fi tamu, kuma ƙyanda ta shiga garin. Ta kama 'yan matan yayana duka biyu, babbar ta tashi, ƙaramar ba ta tashi ba.

Ba na cewa kuɗin inshora zai hana ajali. Na san wannan, na kuma sha gaya wa kaina. Amma na san a Tsamaye ƙyandar ba ta shigo ba a shekarar.

Bayan shekara uku ruwa ya dawo sosai. Ranar wata shuka na raka Baba gonar yayana, ni ina sara shi yana jefa iri, don ya ce ba zai bari ta zama saura ba. Muka zauna hutawa a gindin wata aduwa. Ba tare da ya dube ni ba ya ce da kamfanin nan bai gudu ba, da yanzu jikokinsa suna nan suna bin mu da ƙwaryar iri. Na ce wane kamfani, Baba?

"Na inshora mana. Yayanka ya gaya min tun ranar da yad dangwala, shi ba ya iya ɓoye min komi. Na yi mai hwaɗa, na ƙyale shi. Da yar rasu na ce in an zo da takarda za ni sa hannu, in laihi na, tsakanina da Ubangijina, ɗiyan dai su ci. Na yi ta jiran ka. Kullum ka shigo in ce yau ka zo da ita. Sai anka ce ba ka samu wurin ba."

Ya tashi ya ɗauki ƙwaryarsa, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da mutanen da suka ci gumin ɗansa suka gudu. Ina zaune ina jin yana yi wa akawun nan mai kirki Allah ya isa, ban ce uffan ba. Karo na huɗu ke nan.

Satin nan na koma Gusau da fom ɗin, ban ma san me zan ce musu ba. Benen yana nan, amma mai ɗaukar hoto ne a ciki. Wannan karon da gaske babu wanda ya san inda suka koma.

Baba ya rasu bai sani ba. Matar yayana ta yi wani aure a can, ta tsufa kamar yadda na tsufa. Agogon da wakilin ya ba ni ya daɗe da tsayawa, takalman kuwa ban taɓa sa su ba, suna cikin akwati tare da fom ɗin. Har yanzu in 'yan kasuwar Burkusuma suka ƙetaro, wani lokaci ɗaya zai tsaya ƙofar gidana da ɗan ƙullin dabino. Saƙon bai taɓa canzawa ba. Ta ce a gai da ɗan boko, wanda ya ƙarar da takalminsa saboda su.