Durowa Tara Cikin Arba'in

Shekara talatin da huɗu ya yi a ɗaki guda, a ƙarshen barandar cibiyar binciken ƙwari, har warin kafur ya kama masa fata. Mai Allura ake ce masa. Aikinsa faɗa-wuta, ƙwarin nan masu fiffike da ke rububin fitila da dare: a kawo masa su matattu, ya turara su su yi laushi, ya baje fikafikan a kan katako, ya soke kowanne da allura, sannan ya sa gilashin ƙara girma ya bi zanen fiffike da gashin kai har ya gane danginsa. Biyun da kowa zai rantse iri ɗaya ne, shi sai ya raba musu durowa.

Kuskurensa ɗaya ne, kuma don tsabta ya yi shi. A ƙa'ida, kowace allura tana ɗauke da 'yar takarda mai sunan wurin da aka kama ƙwaron da ranar. Shi kuwa ya ga takardun suna ɓata kyan jeri, sai ya riƙa sa lamba kawai, bayanin yana cikin babban littafi. Bara rufin ya yi yoyo, gara ta shiga kabad ta bayan bango. Da ya ɗaga littafin, bangon littafin kaɗai ya biyo hannunsa.

A lokacin yanar ido ta riga ta fara rufe masa gani.

Sabuwar shugabar sashen, wadda suke kira Dakta, ba muguwa ba ce. Ta ce za a koma sabon gini nan da mako biyu, kuma ƙwari sun fara cin wasu durowoyin. Mai bayani za a gyara a tafi da shi, marar bayani a ƙone.

“Baba, ƙwaron da ba a san inda ya fito ba, ado ne kawai,” ta ce.

Bai yi musu ba. Shi ya saba faɗa wa ɗalibai haka.

Ya aika aka kira masa tsohon direban cibiyar, wanda ya yi shekara ashirin yana kai shi daji. Direba ya zo da tabarau ɗaure da zare. Shi ke karanta lamba ya kwatanta launi, Mai Allura ya tuno wurin, a rubuta.

“Ɗari uku da sha biyu. Ruwan toka, mummuna kamar kai.”

“Da ɗigo fari a gefe?”

“Akwai.”

“Bakin gada ne, shekarar da ka jefa mu rami.”

“Ramin ne ya zo ya same ni.”

Haka suka ci durowa tara. A ta goma suka tsaya kan wani babba mai fiffike ruwan zuma, wanda Mai Allura ya daɗe yana zargin ba a taɓa ba shi suna ba. Direba ya ce gonar auduga ce. Mai Allura ya ce kamar bayan dutse.

“To rubuta ɗaya mana, tsoho. Wa zai sani?”

Mai Allura ya ɗauki fensir, sannan ya ajiye.

“Wanda zai je nemansa can.”

Daga nan lambobin suka daina tuna masa komai.

Ran Alhamis da hantsi leburori suka fito da durowa talatin da ɗaya, suka zare gilasan murfinsu don za su yi amfani, suka juye sauran a ramin shara. Busasshen fiffike ba ya daɗewa a wuta. Direba ya buɗe baki zai yi wasa da sunan ƙwarin, faɗa-wuta, ya dubi abokinsa, ya fasa.

Mai Allura bai ga harshen wutar sosai ba, kafur ɗin ya ji. Da toka ta huce ya tsuguna yana lalube da yatsa, yana tsince allurai yana zubawa a aljihu.