Layin da Na Ƙara a Wasiƙar Malam

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya riƙi biro da girma ba ya miƙewa sosai. A lokacin da abin nan ya faru, ni matar aure ce a wani lungu kusa da Ƙofar Mata, uwar 'ya'ya biyar, shekaruna sun ɗan haura arba'in. Ban yi boko ina yarinya ba, sai ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe mana a gidan wata Hajiya, bayan azahar. An san ni da haƙuri da ƙaramar murya, har maƙwabta kan ce ko kaza ban iya kora da ƙarfi ba. Na faɗi haka ne don a san ba sai mai mugun hali ke yin ɓarna ba.

Maigidana, wanda nake ce wa Malam, marini ne. Hannunsa har ya koma ga Allah bai rabu da shuɗin baba ba. Ya yi karatun allo mai zurfi, yana rubuta ajami da kyau, amma yanar ido ta riƙa rufe masa gani a hankali har ya daina gane baƙi a takarda. Ana cikin haka babban ɗanmu ya samu gurbin karatu a Rasha, inda zai fara da koyon harshensu ya ƙware a kansa. Da farko idan wasiƙarsa ta zo sai a kai wa wani malamin makaranta ya karanta a zaure, kafin magariba unguwa duk ta san abin da ke ciki. Wannan ya sa Malam da kansa ya tura ni ajin, ya ce in je in koyo, sirrin gida ya tsaya a gida. Ranar da na fara karanta masa wasiƙa daga sama har ƙasa, ina tuntuɓe a kan kalmomi, dariya ya yi ta yi, ya ce yau ya yi sabon ido, kuma idon ya iya tuwo.

Sai dai yaron ɗan farina ne. Ku da kuka tashi a birni kun san abin da nake nufi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi a gaban mutane ba. Ranar da zai tafi ma ban raka shi ko soro ba, ina ɗaki ina ninke kayan da ba su buƙatar ninki. Don haka ban taɓa rubuta masa wasiƙa da bakina ba. Malam ke faɗa, ni in rubuta. Idan ina da abin da nake so ya ji, sai in saƙa shi a cikin maganar Malam, kamar in ce ya riƙa rufe ƙirjinsa, ya sa safa biyu, kada ya fita da jiƙaƙƙen kai. Ban ɗauki wannan laifi ba, kuma daga nan hannuna ya saba.

Wasiƙunsa iri biyu ne. Wadda ta biyo gidan waya gajera ce, gaisuwa da labarin sanyi, don ya ce ana buɗewa a karanta kafin ta fito. Doguwar kuwa sai wani ɗalibi zai zo gida yake ba shi, a jefa ta daga Legas. A cikin dogayen nan na san yadda yake rayuwa. Ya ce tun duhu suke fita aji, wata tsohuwar malama ta sa su maimaita kalma ɗaya har muƙamuƙi ya gaji, haruffansu kuma wasu kamar an juya namu baya. Daga aji sai layin burodi. Nama ya haƙura da shi don bai san yankan ba, kullum dankali da kabeji da kifin gwangwani. Da sanyi rana kan faɗi kafin ya idar da la'asar, da zafi kuma ta ƙi faɗuwa, har azumi ya zo masa a haka, ya ce yana duban taga kamar mai jiran baƙo. Ɗakinsu su uku ne, ɗaya ɗan ƙasar, yaro mai kirki da ke gyara masa karatu, amma kowa ya san shi ke kai rahoton wanda ya shigo da abin da aka faɗa. Wata rana a aji ya tambayi yadda ake zaɓe da ɗan takara ɗaya. Washegari aka kira shi ofis, aka ba shi shayi, aka tuna masa cewa harshe ya zo koyo.

A daidai lokacin ne soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, aka buɗe siyasa bayan shekaru da yawa. Birni ya ɗauka. A karofi, inda su Malam ke rini, ba a maganar komai sai jam'iyya, wa da ƙane suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Can ma abin ya bi su. Ya rubuto cewa 'yan ƙasarmu da ke cin abinci tare sun rabu gida-gida, labari kuma ba ya isa gare su sai a rediyo mai shuu, ko jaridar da ta kwana wata guda a hanya. Ya ce abin da ke cin ransa shi ne yana can yana wahalar koyon harshen da ba a bari ya faɗi gaskiya da shi, alhali a gida an buɗe wa kowa baki, kuma ko ƙuri'a ɗaya ba zai jefa ba.

Ni kuwa da na ji kalmar siyasa, abin da na gani a baya nake tunawa. A siyasar farko, kafin soja, Malam yana cikin masu ra'ayin talakawa. An kama shi sau biyu. Na kai masa abinci gidan yari da wannan yaron a bayana, na ga bayansa da shatar bulala, na ga abokinsa da aka fito da shi bai ƙara tafiya daidai ba. Malam yana ba da labarin nan da alfahari, yaron ya tashi yana sha kamar nono. Ni ban taɓa cewa komai ba, amma ban manta ba.

Sai ga doguwar wasiƙa ta zo. Na saba in fara dubawa ni kaɗai a ɗaki don kada in yi tuntuɓe a gaban Malam. A ciki yaron ya ce ya gaji, ba ya barci, ya rame. Ya ce an ba su damar zuwa gida hutu, yana neman izinin mahaifinsa ya zo, kuma idan ya zo ba ya jin zai koma, yana so ya tsaya a yi gwagwarmayar nan da shi kamar yadda babansa ya yi. Na karanta sau uku. Da na zauna gaban Malam a tsakar gida, na karanta gaisuwa, na karanta labarin azumi da tsohuwar malama, da na iso wurin sai na tsallake, na sauka a kan a gaida ƙanne. Malam ya tambaya ko shi ke nan, ya ce ya ji kamar takardar ta fi haka kauri. Na ce rubutun ne manya-manya.

Ya ce in ɗauko biro. Ya yi masa addu'a, ya ba shi labarin wanda ya rasu da wanda ya haihu, ya faɗa masa yadda talakawa suka farka. A ƙarshe ya ce in rubuta cewa idan da hali ya zo ko na sati biyu ne, yana so ya shafa fuskarsa tun da sauran ɗan haske a idon. Na sa biro a takarda ina motsa hannu yadda zai ji ƙarar. Amma ban rubuta haka ba. Labarin talakawa ma na cire shi. Abin da na rubuta shi ne, ban yarda ka tako ƙasar nan ba sai da takardar gama karatunka, kuma kada ka ƙara yi mini maganar siyasa. Na sa sunan Malam a ƙasa. A raina na ce 'yan shekaru ne, kamar gobe, ƙura za ta lafa, ya dawo da ransa da karatunsa, wata rana ma su gode mini.

Yaron mai biyayya ne. Bai zo ba, bai kuma ƙara ambaton siyasa ba. Wasiƙunsa suka koma gajeru, duk iri ɗaya, lafiya lau, karatu na tafiya. Yanzu ba ni da abin tsallakewa, ya tsallake mini da kansa. Malam kuwa duk wasiƙa sai ya tambaya ko ya ce wani abu game da zuwa, in ce ba su da hutu. Ranar zaɓe, karo na farko da mu mata muka fita, ni na riƙe masa sanda har rumfa. A hanya wani abokinsa marini ya tsokane shi, ya ce ina ɗan gadon, ko sanyin Turawa ya daskarar da jinin gidan ne. Malam ya yi dariya ya ce ai kifin gwangwani ba ya haifar da zuciya. Amma da muka dawo ya zauna a kan buzunsa bai ci abinci ba. Ya ce da ni abin da ya fi damunsa ba rashin zuwan ba ne, a ce duk abin da ake yi a ƙasar nan yaron bai taɓa tambayar ko wa ubansa ya zaɓa ba. Ya ce wataƙila ya haifi malami, amma bai haifi magaji ba. Ina tsaye da kwano a hannu. Kalma ɗaya ta isa ta warware komai. Na ji tsoron ya ce in rubuta masa ya taho gobe, sai na ajiye kwanon na koma ɗaki.

Damina biyu bayan haka Malam ya kwanta, ciwon kwana tara. A ciki ya tambaye ni sau biyu ko an ji daga yaron. Ran na tara da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Wasiƙar rasuwar ita ce ta farko da na rubuta wa ɗana ba da sunan wani ba, kuma layi huɗu ce.

Ya dawo bayan shekara da takardarsa, ya samu aikin fassara, ya yi aure, ya riƙe ƙannensa. Abin da na so ya samu duk ya samu. Amma bai taɓa shiga hirar mahaifinsa ba. Idan ƙannensa suna tuna barkwancin Malam, sai ya tashi ya ce zai duba mota. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Wata rana ya kawo mini cefane, ƙanwarsa ta ce ya yi kama da Baba in ya yi shiru. Sai na ji ya ce mata, ba da faɗa ba, shi bai san wane Baba suke nufi ba, nasa dai ya kai masa kuka daga ƙasar da ba shi da kowa, ya rufe masa ƙofa da layi ɗaya, har ya mutu bai buɗe ba.

Bayan sati na aika a kira shi, na ce ya zo da wasiƙun idan yana da su. Yana da su duka, a cikin wata jakar leda. Na zauna na juya masa gefe, don ko a ranar ban iya dubansa ba, na faɗa masa komai. Na faɗa masa abin da Malam ya ce a rubuta, maganar shafa fuskarsa tun da sauran haske, da abin da ya ce ranar zaɓe. Na zaci zai tashi ya fita. Sai ya ciro fensir daga aljihu ya miƙo mini, ya ce in bi su ɗaya bayan ɗaya in ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba na babansa ba ne, yana so ya san me ya rage masa.

Muka yi ta yi har la'asar. Na ja layi a ƙarƙashin mugun layin nan. Na ja a ƙarƙashin safa biyu, da rufe ƙirji, da jiƙaƙƙen kai, da inda aka ce ana tuna shi duk ranar da aka yi dambu. Ya tsaya a nan, ya ce waɗannan ne yake karantawa idan sanyi ya yi sanyi, da su yake cewa ko ba komai tsohon yana sonsa. Ya ce ashe a takarda ɗaya na raba shi da ubansa, na kuma ɓoye masa uwarsa. Daga nan ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Na san ya faɗa da gaske. Amma wanda ya fi cancanta in roƙa yana kushewa, ya tafi yana zaton ɗansa bai damu da shi ba, kuma ni na sa masa wannan zaton da hannun da ya tura makaranta.

Abin da na koya, Edita, shi ne wanda aka ba karatu a gidan da ba mai gani, amana aka ba shi, ba mulki ba. Tsorona gaskiya ne, wataƙila ma da ya zo da an kama shi. Amma shawarar ta uba da ɗa ce, ni aikina in isar, in ina da magana in faɗe ta da bakina a san tawa ce. Ina kira ga 'yan'uwana mata, da duk wanda ke karanta wa tsoho wasiƙa ko yake riƙe masa waya yanzu da zamani ya canja, kada ka rage, kada ka ƙara, ko kana ganin alheri ne. Wanda ke nesa ba shi da komai sai abin da ka isar masa. Iyaye mata kuma, kunyar ɗan fari ado ce, ban ce a yar ba, amma kada ta kai ki ga aron bakin wani. Wasiƙun suna wurinsa har yau da layukan fensir ɗina. Layin da babansa ya faɗa ban rubuta ba, ya sa na rubuta masa shi a ƙasan waccan wasiƙar, da hannuna, a inda ya kamata ya kasance tun farko.