Filastar Zufa ta Maigidana

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle mu a gida a Doha, maigidana ya mai da ni abin gwaji. Malamin kimiyya ne, kuma ya daɗe yana fama da wata 'yar filasta da ake liƙawa a hannu, ta auna gishiri da sukarin da ke cikin zufa ta aika wa waya. Ba ta da batir, zufar ce ke ba ta wuta.

Da aka rufe wurin aikinsu ya rasa masu gwaji, sai ya waiwayo kaina. Ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya liƙa mini a damtse, ya ce, "Hajiya, yau tuwo nake marmari."

Na ce, "Malam, tuwo kake so ko zufata?"

Ya ce, "Duka biyun."

Haka zan yi ta tuƙi ina haɗa gumi, shi kuma ya zura wa waya ido. Filastar ta farka ta sake mutuwa. Ni da na karanta harhaɗa magunguna, ga ni na ƙare a injin zufa. Mu yi ta dariya.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kama shi, numfashi ya fara gagara. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi, aka hana ni bin su. Daga tagar bene na ga ya ɗaga mini hannu. Bai dawo ba. A maƙabartar Abu Hamour aka rufe shi, mutane kaɗan, kowa da takunkumi. Allah Ya jiƙansa.

Na ci gaba da aikina a kantin magani. Lokacin gasar cin kofin duniya, wata 'yar Sudan, abokiyar aikinsa, ta kira ni muka haɗu a unguwar Mushairib. Gari ya cika maƙil, ko'ina ganguna da tutoci. Ta ciro filastar daga jaka ta ce, "Khalas, mun ƙarasa. Ke ya kamata ki gani da idonki."

Ta liƙa mini, muka kutsa cikin jama'a muna tafiya har na jiƙe. Wayarta ta yi ƙara, lambobi suka fito, suka tsaya daram, ba su ɗauke ba.

Wallahi ban san sa'ad da na zaro wayata ba. Sai da na nemo lambarsa, yatsana na kanta, sannan na tuna. Na zauna a bakin hanya ina kuka, masu murna suna ratsa ni. Wani ma ya tsaya yana ba ni haƙuri, ya zaci ƙasarmu aka ci.

A da na ɗauka ranar wahala ce za ta fi tuna mini da shi. Ashe wahala ana daurewa. Abin da har yau ban iya ba shi ne in samu albishir, in juya, in rasa wanda zan fara yi wa.