Dakalin da Kaka Ta Hana a Rushe

Jiya a Gashuwa na ga wani dattijo ya dafa falwaya yana haki. Duk layin shaguna ne da get, babu inda zai zauna. Sai Kaka Falmata ta faɗo min a rai, Allah ya jiƙanta.

A shekarun tamanin, kifin banda take sayarwa a kasuwa, ga ciwon gwiwa. Daga gida zuwa kasuwa dakali huɗu take hutawa a kai, kuma duk ta san masu su.

Wata safiya, a gabana, muka tarar Malam Bukar ya kawo magina za su rushe nasa, zai faɗaɗa shago.

Ta ce, "Bukar, in ka rushe wannan, ka raba ni da kasuwa ke nan. Daga nan zuwa na gaba ƙafata ba za ta kai ba."

Ya ce, "Iya, wallahi ban san da shi kike tafiya ba."

Ya sallami maginan. Washegari har tabarma ya shimfiɗa a kai. Ta ci gaba da zuwa kasuwarta har ƙarshen ƙarfinta.

Ku a unguwarku, in tsoho ya gaji a hanya, ina yake zama?